Ni Na Kira Su

Shekara goma sha ɗaya ina kan hasumiyar nan,
bisa duwatsun arewacin Fotugal,
ni da madubin hangen nesa, da oba-oba, da butar gahawa.
Aikina duban hayaƙi.
Na san na manomi mai ƙona yayi a gona,
na san na matar da ke gasa kifi a bayan gida.
Na ranar Alhamis ɗin nan ba na kowa ba ne.
Ya tashi baƙi ƙirin daga cikin itatuwan turare,
ya tsaya ƙyam kamar wanda ya zo karɓar bashi.

Ni na kira su.
Har yau kalmar nan na tsaye a maƙogwarona.

Su biyar suka zo a jar mota.
Gualter mai gyaran famfo,
wanda ke bin rabin gari bashi, bai taɓa tuni ba.
Delfina malamar lissafi, ta tura gashi cikin hular kwano.
Amílcar daga gidan burodi, garin fulawa na hannunsa har gwiwa.
Leonel mai kiwon zuma, amyoyinsa na kan gangaren nan.
Sai Tomé, ɗan sha tara,
takalmansa na aro sun yi masa yawa.

Ba albashi ya fito da su ba.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.
Su kuwa ruwan nasu suka ɗauka,
suka nufi gemun da ke ci.

Daga sama na gan su ƙanana kamar tururuwa,
suna sara da gatari, suna yashewa da shebur,
suna ja wa wuta layi a ƙasa: nan za ki tsaya.
A ƙarƙashinsu ƙauye ne mai gida arba'in da biyu,
da gidan tsofaffi inda mutum tara ba sa iya tashi.

Ƙarfe huɗu saura kwata iska ta juya.
Na ji ta a ƙeyata kafin in gan ta a kan itatuwa.
Na yi ihu cikin oba-oba.
Delfina ta ce, "Mun ji ki, Natércia,"
da muryar da take kiran sunayen ɗalibai da safe.
Daga nan sai shuuu,
sai kwazazzabo ya cika har baki.

Tomé ya tsira.
Gualter ne ya aike shi mota ya ɗauko tiyo.
Sai bayan sati biyu yaron ya gane
tiyon da suke da shi ya isa,
aike ne kawai.

Layin ya riƙe.
Ko tsinke bai ƙone a ƙauyen ba.
Shanyar tsohuwa Ermelinda na nan kan igiya,
toka kaɗai ta zauna a kan zannuwan.
Ta ƙi wankewa. Ta ninke su, ta sa a akwati.

Ranar jana'iza ƙararrawar coci ta buga,
mutane suka cika fili har bakin rijiya.
Masu bashin Gualter suka zo ɗaya bayan ɗaya,
kowa da ambulan, suna miƙa wa matarsa,
ba wanda ya iya ɗaga ido.
Yaran ajin Delfina sun tsaya a layi bisa tsawo
kamar yadda ta koya musu.
Gidan burodi kwana uku a rufe,
ba wanda ya ce yana jin yunwa.

Bana ruwa ya sauka da wuri.
Gangaren ya fara kore daga gindin baƙaƙen kututture,
ƙudan zuma sun dawo, ban san daga ina ba,
suna neman Leonel a kan furen da bai gani ba.

Tomé kan hawo wurina ranar Lahadi.
Ya sayi takalma daidai ƙafarsa.
Mukan sha gahawa, ba mu cika magana ba.
Jiya ya nuna mini wani siririn hayaƙi can gabas,
ya ce, "In kin tabbata, ki kira."
Hannuna na rawa.
Na ɗauki oba-oba.